Rigar Saje Rabe a Karofi

Duk wanda ya yi sakandare a Kankia cikin shekarun nan ya san Malam Mannir, malamin motsa jiki, gajere mai faɗin kafaɗa, wanda ba ya ɗaga murya sai dai ya busa usur. A cikin gari kuwa Mannir Judo ake ce masa. Yanzu furfura ta ci rabin gemunsa, gwiwarsa ta hagu tana ƙara in zai tashi daga sallah, amma har gobe shi ke buɗe ɗakin wasa ran Asabar da Lahadi bayan la'asar.

Haifaffen Tafashiya ne, ɗan Malam Maharazu mai Islamiyya a gefen masallacin gari. Gidansu na karatu ne kuma na noma: da damina kowa gona, da rani kowa zaure. Mannir ne mafi ƙanƙantar jiki a 'ya'yan Malam, amma ba a taɓa yin kokawar yara a dandali bayan kaka ba face sai an je an janyo shi da kunne. Malam Maharazu ba ya son kokawa. Ba kayen ne ke damunsa ba, kiɗan ne da layun da ake ɗaurawa, da cinya a waje.

Shekarar da aka ba Katsina jiharta, a shekarar aka kai Mannir sakandare Kankia. Wata rana yana dawowa daga kasuwa ya ji ana buga wani abu da ƙasa a cikin wani sito, tim, tim, kamar ana sauke buhuna. Ya leƙa ta taga. Sai ya ga samari cikin fararen kaya suna ɗaga juna suna makawa a kan tamfol, wanda aka kayar ya miƙe yana dariya, su sunkuya wa juna, su sake kamawa. Wani dogon mutum baƙi mai baƙar ɗamara yana zagaya su, hannu a baya.

Wannan shi ne Saje Rabe, mutumin Mawashi ta ƙasar Kusada. Tsohon soja ne. Bayan yaƙin basasa an ajiye su a bariki, aka kawo wani malami ɗan Japan ya koya musu judo, Rabe ya riƙe abin hannu bibbiyu har ya kai baƙar ɗamara, alamar ƙwarewa. Da ya bar soja sai ya samu gadin situnan wani mai hatsi a Kankia, mai hatsin ya bar masa ɗaki ɗaya da ba a zuba komai. Ya cika buhuna da ƙaiƙayi, ya jera su, ya lulluɓe da tamfol, shi ke nan fili ya samu.

Da labari ya kai Tafashiya cewa ɗan Malam yana sunkuya wa mutane a sito, Malam Maharazu ya aiko a ce masa ya bari. Saje bai aika kowa ba, keke ya hau ya je da kansa. Ya zauna a zaure ya yi bayani cewa gaisuwa ce ba ruku'u ba, kuma zai sa yara su rage sunkuyon ya zama ɗan saukar da kai kawai. Malam ya yi ta tambaya. Akwai kiɗa? Babu. Laya fa? Ko zobe ba a shiga da shi. Me ake sawa? Saje ya kwance ƙullin da ke bayan kekensa ya shimfiɗa masa rigar judo da wandonta, farare tas. Malam ya shafa, ya jinjina kaurinta, ya ce, "Wasan da ake yi da fararen tufafi, jiki a rufe, ban ga abin hanawa ba. Amma in ya bar sallah a kan lokaci, kai zan tambaya."

Ita wannan riga ita ce dukiyar Saje. Malaminsa ɗan Japan ne ya cire ta ya ba shi ranar da zai koma ƙasarsu. Saƙar auduga ce mai kauri, wuyanta kamar igiya, in ka kama sai yatsunka su gaji. Sauran yaran sito telan gari ne ke ɗinka musu nasu da yadin katifa, su yage a ɗinke. Ta Saje kuwa ba ya sa ta kullum, sai ranar gwajin ɗamara ko in zai nuna wani sabon kamu. Inda ta gaji, a kafaɗa da gwiwar hannu da ƙasan wuya, matarsa Luba ce ta cike da allura, ɗinki ƙanana a jere kamar tafiyar tururuwa, fari a kan fari, sai ka matso za ka gani.

Mannir ya girma a hannun Saje. Ya tafi kwalejin horon malamai ya dawo, aka ba shi koyarwa a Kankia, ya auri Basira 'yar Rimaye, ya zama shi ne na biyu a sito. Saje ya yi ta tsufa, Mannir ya ɗauke masa zirga-zirga: zuwa taro Katsina, neman mota, rubuta sunayen 'yan wasa. Baba Saje yake ce masa, shi kuma ya ce masa Mannir kawai, ko bayan da duk gari ya koma cewa Malam.

A farkon shekarun dubu biyu Mannir ya dawo daga wani taro da labari. Ya bari sai da aka gama atisaye, kowa ya zauna a bakin tamfol yana share gumi, sannan ya ce, "Baba Saje, an canza doka. Daga bana duk mai shiga gasar ƙasa sai da riga biyu, fara da shuɗiya. In an kira mutum biyu, ɗaya ya sa fari ɗaya ya sa shuɗi."

"Don mi?"

"Don alƙali ya gane wanda ya kayar in sun cukuikuye. Da masu kallo a talbijin."

"Jan ƙyallen da ake ɗaura ma ɗaya a ƙugu fa, ɓacewa ya yi?"

"Sun ce ba ya fitowa sosai."

Saje ya yi tsaki. "Alƙalin da bai iya rabe mutum biyu sai an rina mashi ɗaya, ya koma gida ya yi kiwon awaki."

Samari suka fashe da dariya, amma shi bai yi ba. Ya ce farar riga ba ta ɓoye komai. In ba ka wanke ba a gani, in an fasa maka leɓe a gani, in bayanka ya taɓa ƙasa a gani. Ɗan hakimi da ɗan mahauci in suka hau tamfol duk fari ne, kamar a Arfa, ba a san na wani ya fi na wani ba. Yau an ce shuɗi, gobe a ce ja, jibi a manna wa mutum tallan sabulu a gadon baya.

Mannir ya ce, "Baba, in kiɗa ya canza ai rawa ma sai ta canza. Kuma shuɗin nan namu ne. Kakanninmu da kore, rigar da ta sha shuni, da baƙin rawani suke ado. Farin nan da muke karewa na mutanen Japan ne."

"Abin da ka amsa daga hannun malaminka naka ne," in ji Saje. "Ni haka aka ba ni shi, haka na ba ka."

Gardamar ba ta tsaya a sito ba. Ta fita teburin mai shayi na bakin tasha, inda mutanen da ba su taɓa ganin judo ba suka rabu biyu. Wani ya ce fari sunna ne. Wani ya ce to 'yan ƙwallo fa, ai da kala ake gane su, kuma ba wanda ya kafirta. Jaji marini, mai karofi a bayan gari, ya ce shi dai yana bayan shuɗi ko a lahira, aka ce masa ai dama kura ba ta ƙin a ce a yanka akuya. Daga ƙarshe Saje ya yanke magana. Ya ce wanda zai je gasa ya sa abin da doka ta ce, bai hana ba, don ba zai tare wa yaro hanya ba. Amma a cikin ɗakin nan, muddin yana numfashi, fari.

A wannan shekara suna da ɗan wasan da ba su taɓa samun irinsa ba. Zahradeen sunansa, ɗan Kusada, mai facin taya ne a bakin titi, saurayi mai hannu kamar ƙarfe da ƙugu mai saurin juyawa. Saje kan ce shekarunsa duka yana jiran irin wannan ƙugu. Za a yi zaɓen 'yan wasan jiha a Katsina da kaka, wanda ya ci nauyinsa shi zai tafi gasar ƙasa. Zahradeen yana da farar riga ta ƙwarai da ya samu a wata gasa. Shuɗiya ce babu. Mannir ya yi magana da wani ɗan kasuwa a Legas, ya ce tana hanya, kullum tana hanya. Ya nemi aro wurin abokansa na Kano, su ma a makon suke nasu zaɓen. Ya sa tela ya ɗinka da shuɗin yadi, da Zahradeen ya sa aka kama wuyan sau ɗaya sai ta tsage har ciki. Kuma an riga an faɗa a taro cewa masu duba kaya ba za su karɓi ɗinkin gida ba.

Riga mai kauri guda ɗaya ce ta rage a ƙasar Kankia da Kusada, kuma Mannir ya san inda take.

Saje yana Mawashi a lokacin, ya tafi girbin gero. Mannir ya hau babur ya same shi a gona yana ɗaure dami, ya tuɓe riga ya taya shi har rana ta take. Suka koma gida, 'yarsa Safiyya ta dama musu fura. Luba ba ta daɗe da rasuwa ba, gidan ya yi wani irin faɗi. A hanya Mannir ya tsara maganarsa tsaf: zai ce Baba ka yi haƙuri, ga halin da ake ciki, ka yarda a rina. Ya kuma san amsar da zai samu. Da ya ajiye ludayi sai ya ji bakinsa ya ce, "Baba, aro na zo. Rigarka, don Zahradeen."

Fuskar tsohon ta washe. "Kai, Mannir! Ai da ka aiko ma an ba ka. Na daɗe ina son in gan ta a fili. Ni ta yi mani yawa yanzu, shi zai cika ta."

Ya shiga ɗaki ya jawo akwatin ƙarfe, ya fito da ita a ninke, tana ƙamshin kafur. Ya ɗora masa a hannu biyu. Ya ce kada a wanke ta da garin sabulu, sabulun salo kawai, kuma a shanya a inuwa don rana tana cin zare. Mannir ya ce to. Kalmar rini tana kan harshensa, yana jin nauyinta, ya haɗiye ta da sauran furar. Ya ce a ransa ai bai yi ƙarya ba, aro ya ce, aro aka ba shi. Har Saje ya rako shi bakin hanya yana ɗaga masa hannu.

Washegari da hantsi ya kai ta karofi. Jaji ya warware ta, ya ɗaga, ya juya, ya dubi Mannir.

"Wagga ba rigar Saje ba ce?"

"Ita ce."

"Ya sani?"

"Shi ya ba ni da hannunshi."

Jaji ya ajiye ta a bakin rami. Ya ce, "To. Ka dai san abin da ya shiga ramin nan ba ya dawowa yadda ya shiga." Mannir ya ce ya sani. Yana tsaye aka jiƙa ta, aka tsoma. Da Jaji ya ɗago ta sai ta fito kore-kore, iska na bugunta tana rikiɗa a idonsa, har ta koma shuɗiya. Aka sake tsomawa, aka sake. Mannir ya kasa ci gaba da kallo, ya ce warin karofi ne, ya koma gindin bedi ya zauna.

Da ta bushe ya zo ɗauka sai ya ga abin da bai zata ba. Audugar ta sha shuni ta ƙoshi, amma ɗinkin Luba ya ƙi. Zaren kanti ne mai roba, rini ba ya kama shi. Duk inda ta cike, a kafaɗa da gwiwar hannu da ƙasan wuya, ya fito fari fat a kan shuɗi, kowane ɗinki ana iya ƙirga shi daga nesa. Jaji ya ce ko kwana za ta yi a rami haka zai zauna.

Basira ta gan ta a kan igiya ta riƙe baki. Ta san rigar, ta san Luba, ita ce ma ta yi mata jinya kwanakin ƙarshe. Ta ce, "Malam, ka hau babur yanzu ka koma Mawashi ka gaya mishi da bakinka, tun bai gani da idonshi ba." Ya ce bayan gasa. Ya ce Baba ba zai je Katsina ba, ga girbi ga ciwon ƙafa, in an dawo da nasara maganar za ta fi sauƙin faɗa. Ta ce, "Nasarar taka ce za ta wanke shuni?" Ya yi kamar bai ji ba.

Zahradeen da ya gwada ta, ta zauna masa kamar don shi aka saƙa. Ya shafa farin ɗinkin kafaɗa, ya dubi Mannir da mamaki. "Malam, Baba Saje ya yarda aka rina rigarshi? Shi da kanshi?"

A nan babu wata dabarar magana da ta rage. Mannir ya ce, "Ya yarda."

Idon saurayin ya kawo ruwa. Ya ce wallahi ko zai mutu a fili ba zai bari bayan rigar nan ya taɓa ƙasa ba.

Ranar gasa zauren ya cika da 'yan wasa daga Daura da Funtuwa da Malumfashi. Mannir yana tsaye yana ɗaure wa wani ɗamara sai ya hango dogon mutum a bakin ƙofa, cikin babbar rigarsa ta Juma'a, da sanda. Saje ne. Ya bar girbi, ya hau motar kasuwa tun da sassafe. Ya ratso mutane yana murmushi, ana ta gaishe shi, don tsofaffin alƙalan duk sun san shi. Mannir ya ba shi kujera a gaba.

Karon farko an kira Zahradeen a fari, ya shiga da tasa, ya gama da abokin karawarsa kafin mutane su gyara zama. Saje ya jawo hannun Mannir. "Ina tawa? Ko ya raina ta?"

"Tana nan tafe, Baba."

Karo na biyu ma fari. Mannir ya fara roƙon Allah a ransa a yi ta kiran fari har a tashi. Sai a karon ƙarshe mai shela ya kira Zahradeen na Kankia, shuɗi.

Ya fito daga bayan labule yana gyara ɗamara. Saje ya fara kallonsa kamar yadda kowa ke kallo, har ya soma cewa ashe ta Legas ɗin ta iso. Bai ƙarasa ba. Zahradeen ya juya baya zai hau fili, farin ɗinkin kafaɗa ya fito sarai. Mannir yana gefe, bai iya duban fuskar tsohon ba, hannunsa ya duba. Ya ga yatsun sun matse kan sandar, sun daɗe a haka, sannan suka saki a hankali.

Karon ya yi zafi. Abokin karawar wani ɗan Funtuwa ne mai tsawo, ya riƙe wuyan rigar ya yi ta ja, rigar ko gezau. Can Zahradeen ya shige ƙarƙashinsa, ya juya ƙugu, ya ɗauke shi sama ya shimfiɗa bayansa a ƙasa. Alƙali ya ɗaga hannu, zaure ya ɗauki ihu. Mannir kaɗai ne a cikin mutanen Kankia bai yi tsalle ba.

Zahradeen bai tsaya ko shan ruwa ba. Ya sauko ya zube gaban Saje, yana haki, ya ce da ƙarfi kowa na ji, "Baba, na gode. Na san abin da rigar nan take a wurinka, na san ba ka son shuɗi, amma ka yarda aka rina ta saboda ni. Allah Ya saka maka da Aljanna."

Mutane suka taru. Wani tsohon alƙali da suka sha gardama da Saje a kan wannan doka ya dafa kafaɗarsa yana dariya. "Saje, kai da kanka? Ashe dutse ma yana laushi!"

Mannir ya sunkuyar da kai yana jiran abin da zai biyo baya. Ya ji Saje ya yi gyaran murya.

"Ni na ce a rina," in ji shi. "Riga don mai kokawa aka yi ta, ba don akwati ba. Tashi, ɗana, ka yi kyau."

Aka yi ta tafi. Saje bai dubi inda Mannir yake ba ko sau ɗaya.

A motar komawa Saje ya zauna jikin taga, Mannir kusa da shi, samari a baya suna ta waƙa. Sun wuce Charanci kafin tsohon ya yi magana, idonsa a kan gonaki.

"Wa ya rina?"

"Jaji."

"Ya iya aiki." Ya gyara sandarsa tsakanin ƙafafunsa. "Zaren Luba ya ƙi."

"Baba, ni..."

"Bari, Mannir. Yau ranar yaron ce."

Zahradeen ya je gasar ƙasa da rigar, ya dawo da lambar tagulla, daga nan aka ɗauke shi aikin ɗan sanda don ya yi musu wasa. Kafin ya tafi ya kawo wa Mannir rigar a wanke a ninke. Da a ce Mannir ya kai ta Mawashi a ranar, da abin ya tsaya nan. Sai ya ga ba zai iya miƙa ta shuɗiya ba. Ya sayo ruwan bilic mai cire launi ya zuba a baho. Basira ta ce kada ya yi, ya bar ɓarna ɗaya ta ishe shi. Ya jiƙa ta ya bar ta ta wuni. Shunin ya tashi a wani wuri ya zauna a wani, ta koma dabbare-dabbare, ba fara ba ba shuɗiya ba. Ya ƙara bilic. Da ya zo matsewa sai ya ji ɓarr, hannun riga ya rabu da kafaɗa. Tsohuwar audugar ta ruɓe, yatsa ma huda ta yake.

Ta yi watanni a ƙasan gadonsu cikin leda. Saje bai taɓa tambaya ba. Ya dawo Kankia bayan kaka, yana zuwa sito kamar kullum, sai dai ya daina hawa tamfol. A ƙa'idarsa ba a taka fili da kayan gida, shi kuwa ba shi da wata riga. Ya samu benci a bakin ƙofa, daga nan yake gyara wa yara kamu da baki da sanda. In abin ya ƙi fahimtuwa sai ka ga ya yunƙura kamar zai tashi, ya tuna, ya koma ya zauna, ya ce, "Mannir, nuna mashi." Duk ranar da ya faɗi haka Mannir ba ya iya cin tuwon kirki.

Basira ce ta gaji ta ɗauko ledar ta ɗaure masa a bayan babur, wata Juma'a da Saje yake gida Mawashi. Mannir ya same shi a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya. Ya durƙusa ya ajiye ledar a gabansa. Saje ya buɗe, ya fito da ita, ya ga hannun da ya rabu, ya ga hujojin. Ya shinshina ya ji bilic. Ya shimfiɗa ta a cinyarsa ya ninke ta yadda ya saba, hannu a ciki, wuya a sama, ya gyara gefen da ya yage ya shige cikin ninkin.

"Kai ma ka wahala," ya ce. Ya ƙwala wa Safiyya kira ta kawo wa baƙo ruwa, ya shiga tambayarsa lafiyar Malam Maharazu da yadda wake ya yi a Tafashiya.

Daga baya Mannir ya samo sabuwar farar riga mai kauri ta hannun wani da ya je Legas, ya kai masa. Saje ya yi godiya ƙwarai, ya sa albarka. Mako na zagayowa Mannir ya gan ta a jikin wani sabon ɗan wasa da ba shi da ko ta tela. Da ya tambayi Saje sai tsohon ya ce, "Jikina bai san ta ba, shi kuwa yanzu zai fara." Bai sake hawa tamfol ba har ƙafa ta hana shi zuwa Kankia gaba ɗaya. Mannir ya riƙa zuwa Mawashi duk ƙarshen wata, ya kai shi asibiti, ya tura yara su yi masa noma. Suna hira a kan komai. Sau biyu ko uku ya ɗauko maganar, Saje ya kawar da ita da tambayar wani abu dabam. Ya rasu da damina, Mannir na cikin waɗanda suka sa shi a kabari.

Sito ya daɗe da komawa hannun magadan mai hatsi. Yanzu wani ɗaki suke amfani da shi kusa da makaranta, da katifun wasa na gaske, har da ajin 'yan mata da wata tsohuwar ɗalibarsa Sakina ke koyarwa. Kowa na da fara da shuɗiya, ba wanda ya san an taɓa gardama a kai. Mannir dai a atisaye fari yake sa su sa, in an tambaye shi dalili ya ce haka ya tarar.

Duk shekara bayan kaka suna shirya 'yar gasa ta tunawa da Saje, yaran Kankia da na Kusada. Zahradeen, wanda yanzu sufeto ne mai tumbi da iyali, ba ya fashin zuwa. Shi ake ba lasifika kafin a fara. Kullum labari ɗaya yake bayarwa: yadda Baba Saje, mutumin da ya fi kowa riƙo da fari a jihar nan, ya ɗauki rigar da malaminsa ya ba shi ya ce a kai karofi don kada yaro mai faci ya rasa gasa. Yakan ce wannan shi ne malami, wanda ya san lokacin riƙewa da lokacin saki. Yara sun haddace labarin, wasu har ƙari suke yi, su ce da hannunsa ya tsoma ta.

A ta bara, da ya kai ƙarshe, sai ya juyo wurin teburin alƙalai ya miƙo lasifikar. "Ga Malam Mannir nan, a gabansa aka yi. Malam, ko ba haka Baba ya ce ba? Ni na ce a rina?"

Mannir ya dubi yaran da ke zaune a jere a bakin katifa, sun zuba masa ido. Ya karɓi lasifikar.

"Haka ya faɗa," ya ce.

Ya mayar masa da ita, ya sa usur a baki, ya kira biyun farko su hau fili.